Amurka: alƙaliyar da ta sha kaye sau biyu a zaɓen kotun ƙoli

Ranar 8 ga watan Nuwamba na shekarar 2022 mutanen jahar Karolina ta Arewa, cikin ƙasar Amurka, suka fita zaɓe. Cikin kujerun da aka yi takara a kansu har da kujeru 2 na alƙalan kotun ƙolin jahar. Wata alƙaliya mai suna Lucy Inman, ƴar jam'iyyar Dimokurat, tana neman ɗaya daga cikinsu. Da aka gama ƙidayar ƙuri'u, sai aka tarar ta samu kashi 47 da ƴan kai bisa ɗari, abokin karawarta Richard Dietz, ɗan jam'iyyar Rifablikan, ya samu kashi 52 da ɗoriya. Wannan shi ne karo na biyu da ta nemi shiga kotun ƙoli ba ta samu ba, domin a shekarar 2020 ma ta tsaya, wani ɗan Rifablikan, Phil Berger ƙarami, ya kada ta. Amma kuwa ita ɗin ce mutanen jahar suka zaɓa a 2014 ta zama alƙaliyar kotun ɗaukaka ƙara. Tsakanin 2014 da 2020 ba a kama ta da wani laifi ba, iliminta kuma bai ragu ba. Abin da ya sake shi ne takardar ƙuri'a: a 2014 sunanta kaɗai aka rubuta, a 2020 da 2022 kuwa an rubuta sunan jam'iyyarta kusa da nata.

Mai karatu da ya saba da tsarin da aka gada daga Faransa zai yi mamakin jin ana zaɓen alƙali kamar yadda ake zaɓen ɗan majalisa. A wancan tsarin, mai son alƙalanci yakan ci jarrabawa, ya shiga makarantar aikin shari'a, sa'an nan hukuma ta naɗa shi. Faransa ita kanta ta taɓa gwada zaɓen alƙalai a 1790, lokacin juyin juya hali, kafin Napoleon ya maida naɗinsu hannun gwamnati. A Amurka ma alƙalan tarayya, har da 9 ɗin nan na kotun ƙolin Washinton, shugaban ƙasa ne yake naɗa su da yardar majalisar dattawa, su kuma riƙe muƙamin har mutuwa ko murabus. To amma kowace jaha daga cikin 50 tana da dokar tsarin mulkinta da kotunanta, kuma a waɗannan kotuna ne ake yanke mafi yawan shari'un ƙasar, tun daga kisan kai har rabon gado da rigimar fili. Jahohi da dama suna zaɓen alƙalansu. Jahar Misisipi ce ta fara zaɓen dukan alƙalanta a 1832, Niyu Yok ta bi a 1846, daga nan abin ya bazu. Dalilin mutanen wancan zamani shi ne, gwamnoni da ƴan majalisa suna raba kujerun alƙalanci ga ƴan barandansu, saboda haka gara talakawa su zaɓa da kansu, alƙali ya samu ƙarfin taka wa ƴan siyasa birki. Marubucin Faransa Alexis de Tocqueville, wanda ya zaga Amurka a 1831, ya yi kashedi cikin littafin da ya fitar a 1835 cewa wannan sabon abu zai haifi ɗa mara ido.

Ba duka jahohin ne suke yin zaɓen iri ɗaya ba. A waɗansu, gwamna yana naɗa alƙali daga cikin sunayen da wani kwamiti ya tace, bayan ƴan shekaru a tambayi jama'a ko ya ci gaba ko ya sauka. Misuri ce ta fara wannan a 1940. A waɗansu ana takara amma ba a rubuta jam'iyya. A kaɗan daga cikinsu kuma, irin su Teksas, Alabama, Luwiziyana da Pensilbaniya, ɗan takarar kotun ƙoli yana tsayawa da tutar jam'iyya a sarari. Karolina ta Arewa ta shiga wannan rukuni na ƙarshe, ta fita, ta kuma sake komawa.

Yadda aka yi ta sake takardar ƙuri'a

Tun dokar tsarin mulki ta 1868 ake zaɓen alƙalai a wannan jaha. Shekara da shekaru jam'iyyar Dimokurat ce take riƙe da komi, saboda haka rubuta sunan jam'iyya bai dami magabatanta ba ko kaɗan: wanda jam'iyya ta tsaida, shi ne alƙali. Daga baya iska ta juya. A 1998 ƴan Rifablikan suka samu rinjaye a kotun ƙoli. A 2000 shugaban kotun, Henry Frye, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a jahar, ya faɗi zaɓe a hannun ɗan Rifablikan. A nan ne majalisar jahar, wadda ƴan Dimokurat suke da rinjaye cikinta, ta kafa dokar 2002. Dokar ta cire sunan jam'iyya daga takardar zaɓen manyan kotuna tun daga 2004, ta kuma buɗe wani asusu na gwamnati da zai ba ƴan takara kuɗin yaƙin neman zaɓe in sun yarda su taƙaita karɓar kuɗi daga waje. Ana kuma aika wa gidaje ƙaramin littafi mai bayanin kowane ɗan takara. Masu son gyara sun yaba da dokar, kuma tana da abin yabo. Amma ƴan Rifablikan sun ce abokan hamayyarsu ba su ga aibin tambarin jam'iyya ba sai da ya fara kada su, kuma maganarsu ba ta rasa gaskiya ba.

A 2010 ƴan Rifablikan suka ci majalisar jahar. A 2013 suka rufe asusun. A Nuwamba 2016 wani alƙali ɗan Dimokurat, Mike Morgan, ya kada alƙalin kotun ƙoli Bob Edmunds, ɗan Rifablikan, a zaɓen da ba a rubuta jam'iyya ba, alhali a wannan rana Donald Trump ne ya ci jahar. Rinjayen kotun ya koma hannun Dimokurat, 4 da 3. Waɗansu masu lura da zaɓe sun ce sunan Morgan ne ya zo farko a takarda, a shekarar da sunayen ƴan Rifablikan suke zuwa farko a sauran layuka, shi ya sa mutane da yawa suka ɗauke shi ɗan Rifablikan. Ko ma mene ne dalili, majalisa ba ta ɓata lokaci ba. A Disamba 2016, wata ɗaya bayan zaɓen, ta yi zama na musamman ta maida sunan jam'iyya a takardar zaɓen kotun ƙoli. A 2017 ta ƙara da ƙananan kotuna, duk da gwamna Roy Cooper ya hau kujerar na ƙi. Watau kowace jam'iyya ta gyara takardar ƙuri'a a daidai lokacin da tsohon tsari ya daina yi mata amfani.

Zaɓe na farko ƙarƙashin sabuwar dokar, na 2018, bai zo wa waɗanda suka kafa ta da daɗi ba. Majalisa ta soke zaɓen fidda gwani na alƙalai a wannan shekara, sai wani lauya, Chris Anglin, ya sake rajistarsa zuwa Rifablikan, ya tsaya ana gab da rufe karɓar sunaye. Ƙuri'un jam'iyyar suka rabu biyu, Anita Earls ta Dimokurat ta ci. Zuwa 2019 ƴan Dimokurat suna da kujeru 6 daga cikin 7. Cikin wannan hali ne Lucy Inman ta fito takara.

Takara biyu

Inman ta fara da aikin jarida, sa'an nan ta karanta shari'a a jami'ar jahar da ke Chapel Hill, ta gama a 1990. Ta yi aiki ƙarƙashin shugaban kotun ƙoli James Exum, ta yi shekaru tana aikin lauya a Los Anjeles da kuma Rali, babban birnin jahar. A 2010 gwamna Bev Perdue ta naɗa ta alƙaliyar babbar kotu, a 2014 kuma ta ci zaɓen kotun ɗaukaka ƙara, mai alƙalai 15, wa'adin shekara 8.

Abokin karawarta na 2020, Phil Berger ƙarami, shi ma alƙali ne a wannan kotun ɗaukaka ƙara, tsohon mai gabatar da ƙara kuma. Mahaifinsa, Phil Berger, shi ne jagoran majalisar dattawan jahar tun 2011, watau jagoran majalisar da ta maida sunan jam'iyya a takarda, wadda kuma dokokinta suke zuwa gaban kotun ƙoli a kai a kai. Inman ta samu kashi 49 da ƴan kai bisa ɗari. Ratar da ke tsakaninsu kimanin ƙuri'a dubu 71 ce, cikin fiye da miliyon 5. A wannan rana ratar da Trump ya ba Joe Biden a jahar kimanin dubu 74 ce. Wanda ya ajiye lambobin nan biyu kusa da juna ba ya bukatar dogon bayani. Kujerun alƙalanci 8 aka yi takara a kansu a faɗin jaha a wannan shekara, 3 na kotun ƙoli da 5 na kotun ɗaukaka ƙara, kuma ƴan Rifablikan ne suka kwashe su duka, har da kujerar shugaban kotu, inda Paul Newby ya kada Cheri Beasley da ƙuri'a 401 kacal bayan an sake ƙidaya.

Wani abin lura shi ne, a rana ɗaya ɗin gwamna Cooper, ɗan Dimokurat, ya sake cin zaɓe da rata mai faɗi. Ashe mutanen jahar sun iya raba ƙuri'arsu in sun san ɗan takara. Gwamna kullum yana cikin rediyo da talabijin, an san abin da ya yi da abin da bai yi ba. Alƙalin kotun ɗaukaka ƙara kuwa aikinsa rubuta hukunci ne mai shafi 30 ko 40 wanda lauyoyi kaɗai suke karantawa. Mai jefa ƙuri'a yana isowa layin alƙalai bayan ya wuce shugaban ƙasa, da sanata, da gwamna, da sauran muƙaman jaha, ya ga sunaye biyu da bai taɓa ji ba, kowane da sunan jam'iyya a gefensa. Tun 2013 aka soke damar nan ta zaɓen jam'iyya gaba ɗaya da alama guda, saboda haka tilas ya cika kowane layi da hannunsa. Duk da haka hannun yana bin jam'iyya.

A 2022 Inman ta sake tsayawa, wannan karo a kujerar da Robin Hudson za ta bari. Hudson ba ta sake neman kujerar ba saboda ta kusa cika shekara 72, iyakar shekarun aikin alƙali a lokacin. Richard Dietz shi ma abokin aikin Inman ne a kotun ɗaukaka ƙara, shekara 8 suna zama kotu ɗaya. Dukansu biyu sun yi ta faɗa wa jama'a cewa alƙali ba wakilin jam'iyya ba ne, doka kawai zai bi. Ƙungiyoyin da ke zuba kuɗi daga gefe kuwa ba su yi wannan kara ba: na wannan ɓangare suna tallar batun zubar da ciki, wanda kotun ƙolin tarayya ta maida hannun jahohi a Yuni 2022, na wancan ɓangare suna tallar batun masu laifi. Sakamako ya sake bin sawun manya. Cheri Beasley, wadda ta koma neman kujerar sanata, ta samu kashi 47 bisa ɗari. Inman ta samu kashi 47. Sam Ervin na huɗu, alƙalin da ke kan ɗaya kujerar, shi ma ya tashi da kashi 47 da ɗoriya. Ervin jika ne ga sanata Sam Ervin wanda ya jagoranci binciken abin kunyar Watergate a 1973, gidansu sananne ne a jahar tun kaka da kakanni, amma sunan gida bai ƙara masa abin kirki ba. Kujeru 6 na manyan kotuna aka yi takara a kansu, duka 6 suka tafi Rifablikan. Da yake wa'adin Inman a kotun ɗaukaka ƙara ya cika a ƙarshen wannan shekara, kuma ba ta iya neman kujeru biyu a lokaci guda, faɗuwar ta raba ta da alƙalanci ɗungum, ta koma aikin lauya.

Abin da ya biyo baya

In da faɗuwar ƴar takara ɗaya ce kawai, da maganar ba ta wuce gidanta ba. Amma zaɓen 2022 ya maida kotun daga 4 da 3 na Dimokurat zuwa 5 da 2 na Rifablikan, kuma akwai manyan shari'u a gabanta.

Babbar cikinsu ita ce ta yankan mazaɓu. A Amurka, bayan kowace ƙidayar jama'a, majalisar jaha ce a galibi take zana iyakokin mazaɓu. Jam'iyyar da ke da rinjaye tana iya cusa magoya bayan abokiyar hamayyarta cikin mazaɓu kaɗan, ta warwatsa sauran cikin mazaɓu masu yawa inda ba za su taɓa kai rabi ba. Da haka sai jam'iyyar da ta samu rabin ƙuri'u ta kwashe kashi biyu cikin uku na kujeru. A 2019 kotun ƙolin tarayya, cikin wata shari'a da ta taso daga Karolina ta Arewa ɗin nan, ta ce wannan ba hurumin kotunan tarayya ba ne. Saura kotunan jaha. A Fabrairu 2022 kotun ƙolin jahar, da alƙalai 4 bisa 3, ta ce taswirar da majalisa ta zana ta saɓa wa dokar tsarin mulkin jaha. Aka yi zaɓen 2022 da taswirar da kotu ta sa aka gyara, kujeru 14 na majalisar wakilan tarayya suka rabu 7 da 7. A Disamba 2022, kwanaki kaɗan kafin sababbin alƙalai su kama aiki, tsohon rinjayen ya ƙara jaddada hukuncin, ya kuma soke dokar da ta tilasta nuna takardar shaida mai hoto kafin jefa ƙuri'a. Ƴan Rifablikan suka ce wannan gaggawa ce ta masu barin gado.

Sabuwar kotu ta kama aiki a Janairu 2023. A Fabrairu ta yarda ta sake sauraron shari'un biyu, abin da ba safai kotun take yi ba. Ranar 28 ga Afirilu 2023, da alƙalai 5 bisa 2, ta warware hukuncin mazaɓu, ta ce dokar tsarin mulki ba ta ba alƙalai ma'aunin da za su auna son kan jam'iyya da shi ba, aikin majalisa ne. Ta maido da dokar takardar shaida. A rana ɗaya kuma ta soke hukuncin wata ƙaramar kotu da ya ba dubban mutanen da suka fito daga kurkuku, amma suke ƙarƙashin sa ido, damar jefa ƙuri'a. Ba a ƙara ko harafi ɗaya cikin dokar tsarin mulkin jahar ba tsakanin Disamba da Afirilu. Alƙalai biyu ne suka sauka, biyu suka hau. Majalisa ta zana sabuwar taswira, a zaɓen 2024 kujeru 14 ɗin suka zama 10 na Rifablikan, 4 na Dimokurat. A Oktoba 2025 ta sake taɓa taswirar don neman ƙarin kujera guda.

Gaskiya ita ce, ko da Inman ta ci a 2022, ita kaɗai ba za ta hana rinjayen juyawa ba, tun da kujerun biyu da aka yi takara a kansu duk na Dimokurat ne, faɗuwar ɗaya ta isa. Ba kuma za a ce ɓangare ɗaya ne kawai yake da ƙura a riga ba. An nemi Berger ƙarami ya janye daga wata shari'a da aka ambaci mahaifinsa cikin waɗanda ake ƙara, ya ƙi, ya ce muƙamin aka kai ƙara, ba mutumin ba. An nemi Anita Earls ta janye daga shari'ar mazaɓu saboda dangantakarta ta dā da masu ƙara da masu taimaka musu, ita ma ta ƙi. Hukuncin Fabrairu 2022 da na Afirilu 2023 dukansu sun rabu daidai kan layin jam'iyya. Talakan da ya kai ƙarar hukuma gaban irin wannan kotu yana iya ƙirga alƙalan tun kafin a buɗe zama, ya san inda zai kwana.

Masu kare tsarin suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce alƙalin kotun ƙoli yana da ra'ayi ko an rubuta ko ba a rubuta ba, ɓoye jam'iyyarsa kuwa ba ya cire ra'ayin, sai dai ya bar mai ƙuri'a cikin duhu, ya zaɓa bisa daɗin suna ko wanda ya zo farko a layi, kamar yadda ake zargin ya faru a 2016. Sun ce in ba tambari, mutane da yawa tsallake layin alƙalai suke yi. Suna kuma nuni da jahar Wiskonsin, inda ba a rubuta jam'iyya, amma a 2025 aka kashe wajen miliyon 100 na dalar Amurka kan kujera ɗaya ta kotun ƙoli, kowa kuma ya san wanda kowace jam'iyya take goya wa baya. Ko a Karolina ta Arewa, zamanin da babu tambari bai rasa ƙazamar talla ba: a 2014 wata ƙungiya ta yi ta watsa tallar talabijin tana zargin Robin Hudson da goyon bayan masu lalata yara, saboda wani ra'ayi na shari'a da ta rubuta. Sai dai Hudson ta ci zaɓen duk da haka, kuma a nan bambancin yake. Lokacin da babu tambari, ɗan takara yana iya tsira ko ya faɗi bisa sunansa da aikinsa. Da tambari, rabonsa yana ɗaure da na ɗan takarar shugaban ƙasa wanda bai taɓa karanta hukuncinsa ko ɗaya ba. Ga shi kuma tun 2022 waɗanda ba su yi rajista da kowace jam'iyya ba su ne rukuni mafi yawa cikin masu zaɓen jahar, amma lauyan da ba shi da jam'iyya, in yana son kujerar kotun ƙoli, sai ya tattara sa hannun dubun dubatar mutane kafin sunansa ya hau takarda.

Zaɓen 2024 ya nuna ƙofar ba ta rufe ruf ba. Trump ya sake cin jahar, ƴan Rifablikan suka ci kujeru 3 na kotun ɗaukaka ƙara, amma Allison Riggs ta Dimokurat ta riƙe kujerarta ta kotun ƙoli da ratar ƙuri'a 734 cikin fiye da miliyon 5 da rabi. Abokin karawarta, Jefferson Griffin, alƙali ne shi ma, bai yarda ba. Ya nemi a zubar da ƙuri'u fiye da dubu 60, mafi yawansu bisa cewa rajistar masu su ba ta cika ba, waɗansu kuma na sojoji da ƴan jahar mazauna ƙasashen waje. Rigimar ta bi ta kotun ɗaukaka ƙara inda Griffin yake aiki, ta kai kotun ƙolin da yake neman shiga, kuma dukansu biyu sun ba shi wani yanki na abin da ya nema. Sai da wani alƙalin tarayya, Richard Myers, wanda Trump ne ya naɗa shi, ya yanke a watan Mayu 2025 cewa ba a sake ƙa'idar zaɓe bayan an gama zaɓe, sa'an nan Griffin ya haƙura, wata shida bayan ranar ƙuri'a.

A 2023 majalisa ta ɗaga iyakar shekarun alƙalan manyan kotuna daga 72 zuwa 76. Da an yi haka shekara biyu kafin nan, da Robin Hudson ba ta da dalilin barin kujerar da Inman ta nema ta rasa. Gyaran ya ba shugaban kotu Paul Newby damar cika wa'adinsa. Kujerarsa, da ta Berger ƙarami, da ta Tamara Barringer, watau ukun da aka ci a 2020, wa'adinsu zai cika a ƙarshen 2028, shekarar zaɓen shugaban ƙasa.